Me kuka tarar a ɗakin tsohuwa bayan ta rasu?

'Yar Ƙofar Mata, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kakarmu ta wajen uwa Allah ya yi mata rasuwa, ita ta riƙe ni tun daga yaye har aure. Bayan an share makoki kawunnanmu suka ce mu mata mu shiga ɗakinta mu lissafa kaya kafin a kira malamin rabon gado. Akwai wata adaka a ƙarƙashin gadon ƙarfenta, makullin kullum yana ƙulle a bakin zanenta. Ranar rasuwar kaɗai aka buɗe aka ɗauko likafanin da ta saya wa kanta tun da ƙarfinta, haɗe da garin magarya da kafur na wanka, aka mayar aka rufe. Da muka buɗe a tsanake sai muka tarar da ƙulle-ƙullen tsumma, kowanne da kuɗi a ciki, kowanne an ɗaure bakinsa da zare mai launi daban. Iya ba ta yi boko ba, zaren ne littafinta. Aminiyarta muka ɗauko ta warware mana: ja na adashi ne, kore ajiyar wata maƙwabciya, fari kuma na sayen gadon ƙanwata da ko saurayi ba ta yi ba tukuna. Ko ƙulli ɗaya babu wanda aka ce na Iya ne. Ku me kuka tarar?

Malamin firamare, Zariya:
Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Mu a gwangwanin madara muka sami namu abin mamakin. Mahaifiyata mai ƙuli-ƙuli ce, da man gyaɗa ta ɗinka mana kayan makaranta lokacin da aka buɗe firamare kyauta a 1976. A gwangwanin akwai takardun fam na kafin naira ta shigo a 1973, sai kuma tarin naira masu tsohon launi waɗanda canjin kuɗin 1984 ya ritsa da su. Kwanaki kaɗan gwamnati ta bayar a lokacin, ita kuwa tana cikin kulle, ba ta son mahaifinmu ya san tana da ajiya, saboda ranar da ya sani ranar za a ranta. Kuɗin suka mutu a hannunta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yayata ta lissafa, ta ce a wancan zamanin sun isa sayen keken ɗinki. Sai a nan muka gane dalilin da ya sa tun daga lokacin ta daina tara takarda, da ta sami rara sai ta sayi tunkiya ko kwanon samira.

'Yar Damagaram:
Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Tamu kakar hatsi ta bari. A bayan ɗaki ta binne wata babbar tukunya, an liƙe bakin da laka, cike da gero an gauraya da toka saboda ƙwari. Ta ga yunwar 1973 da 1974, ta kuma ga ta 1984 da mutanenmu na Nijar ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Yara biyu ta binne a ta farkon. Daga nan har ta koma ga Allah ba ka isa ka zubar da tsaki ko ƙanzo a gabanta ba. Muna lakwal, wato makarantar boko, muna mata dariya, muna cewa Kaka ga shinkafa buhu-buhu a kasuwa. Ba ta tanka mana. Ashe duk kaka sai ta kwashe tsohon geron ta yi sadaka da shi, ta zuba sabo. Mun yi fura da shi ranar sadakarta.

Uwar Biyu, Kaduna:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan ɓata muku hira. Abin da na tarar a ɗakin mahaifiyata bai sa ni murmushi ba. Maganin hawan jini ne, an rarraba kowace ƙwaya gida biyu da reza. Duk wata muna tura mata kuɗin magani cif, ita kuma sai ta sayi rabi, ta riƙa shan ɓari-ɓari, ragowar ta biya wa jikoki kuɗin Islamiyya, ta sai wa wannan takalmi, ta kai gudummawar biki can. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita. A wajen gaisuwa kowa sai ya ce wance mai haƙuri ce, ba ta taɓa cin nata ita kaɗai ba. Gaskiya ne, amma raina ɓaci yake yi idan na ji. Mun saba yabon iyayenmu mata da wahalar da suka sha, har mun mai da ita ado. Mata nawa ne a gidajenmu yanzu haka suke raba ƙwayar magani, 'ya'yansu kuma suna ganin tunda an tura kuɗi ta waya an gama hidima? Mai tsohuwa a raye ya daina tura kuɗin magani. Ya sayi maganin da kansa, ya sa wani ya tsaya a kanta ta haɗiye.

Malamin firamare, Zariya:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma ban ga wanda zai iya hana su ba. Na taɓa sai wa Inna atamfa, sati bai zagayo ba na gan ta a jikin wata mai jego a layinmu. Da na yi magana cewa ta yi, kai ka ba ni ko aro ka ba ni?

'Yar Ƙofar Mata, Kano:
Yaya Uwar Biyu, Allah ya ba ki haƙuri, wannan da ciwo yake. Ina da tambaya ga malamanmu. Ƙulli ɗaya mai baƙin zare ya rage, aminiyar Iya ta ce ta san ajiya ce amma ta manta ta wa. Kawu ɗaya ya ce a zuba cikin gado, Umma ta ce ba da ita ba.

Almajiri, Sakkwato:
Allah ya jiƙan iyayenmu. Umma ta fi kusa da daidai, ƙanwata. Ajiya ba dukiyar mamaci ba ce, ba ta shiga gado. A cigita a unguwa da wajen matan da suke adashi tare, a ba abin lokaci, idan an rasa mai shi a koma wa malamin da zai yi rabon. Tsarin kuwa sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Kuma ina jan hankalin mata, don a nan aka fi samun matsala: kwalla, tasa, zannuwa, 'yan kunne, duk gado ne. Ba a ɗaukar abu a ce na tunawa ne sai da yardar magada. Jikan da mahaifinsa ya riga kakar rasuwa ba ya gado idan akwai ɗa namiji a raye, shi ya sa za ku ga tsofaffi masu hangen nesa suna miƙa wa marayun jikokinsu kyauta tun suna numfashi, a gaban shaidu.

Angon Kaka, Gwale:
Ni dai matata ce ta rasu, don tun ina rarrafe take kira na maigida, ƙannena mata kuma kishiyoyi. A cikin kwallarta muka sami littafin rubutu na ajin yaƙi da jahilci. Ta shiga ne bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, tana da jikoki a lokacin, mutanen gida suna ta tsokanarta wai gemu ya je neman ilimi. Rubutun manya-manya ne, a karkace. Shafi guda sunayen 'ya'yanta ne a jere, amma gurbin babanmu, da yake shi ne ɗan fari, ba ta rubuta sunan ba, layi kawai ta ja, alkunya har a takarda. Sauran shafukan lissafin masu cin bashin ƙosanta ne, kuma kusan duk an soke su, ban san ko biya suka yi ko yafewa ta yi ba. Suna ɗaya ne ba a soke ba a shafin ƙarshe: "Maigida, kuɗin cefane." Gwaggonnina sun ce tunda Malam na Sakkwato ya ce bashi ake fara biya, in shirya, ranar Juma'a za su zo su yanke mini adadi.