Koci ya canja dabara ana tsaka da wasa, wa ya taɓa gani da idonsa?

Bazazzagi a Atlanta:
Salam 'yan uwa. Jiya mun sha musu da abokin aikina kan ƙwallon Amurka ta jami'o'i, shi wai in koci ya tsara wasansa tun farkon sati to ya tsaya a kai ko sama da ƙasa za su haɗe, ni nace ina. Hujjata wasan ƙarshe na Janairun 2018 a nan garin, Alabama da Jojiya. Tikiti ya fi ƙarfin aljihuna, a falon maƙwabcina na kalla, shi kuma masoyin Jojiya ne na gani kashe ni. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya 13 Alabama ko ɗaya babu, mutumin har ya fara kiran dangi a waya. Ana dawowa kocin Alabama Nick Saban ya zaunar da kwatabak ɗinsa (mai jefa ƙwallo da jagorantar hari) Jalen Hurts a benci, yaron da sau biyu kacal aka taɓa cinsu yana jan ƙungiyar, ya sako Tua ɗan shekarar farko saboda gudu da ƙwallo ya ƙi ci, sai an jefa ta nesa. A ƙarin lokaci aka kayar da Tua baya, saura yadi 26 su nema, kawai ya cilla wa DeVonta Smith ta yadi 41, Alabama ta ci, 26 da 23 aka tashi. Maƙwabcina ko sai da safe bai ce min ba. Kowa ya kawo nasa.

Bakano mai kallon dare:
Yallaɓai nima na ga wannan, wajen biyun dare aka fara a nan, a waya na kalla data na ta zuba. Amma tsakani da Allah akwai sa'a a ciki, da jifar nan ta faɗa hannun Jojiya da har yau ana zagin Saban. Kuma ka manta Disamban shekarar, fili ɗaya, Jojiyar dai, Tua ya ji ciwo aka dawo da Hurts ɗin da aka ajiye shi ya ciyo musu 35 da 28. To wace dabara kenan, mutum yana da gwanaye biyu a benci.

Ɗalibi a Kolombus:
Ku bari in faɗa muku ciwon rashin canji, ni ina cikin filin Nuwamban 2024, Ohayo Sitet da Mishigan, sanyi kamar ya tsinke kunne, mutum sama da dubu ɗari. Mu Ohayo Sitet muna da mai cafke jifa Jeremiah Smith da babu mai iya riƙe shi amma aka nace sai an bi ta tsakiya da gudu, wurin da Mishigan suka jibge ƙattinsu, a samu yadi ɗaya ko biyu a sake maimaitawa, wani dattijo kusa da ni ihu yake ku jefa ku jefa har muryarsa ta dishe. Ga bugun sanda biyu (buga ƙwallo da ƙafa tsakanin sanduna don samun maki) an zubar. 13 da 10, karo na huɗu a jere suna cinmu. Abin haushin, da aka shiga wasannin neman kofi suka saki hannu suna jifa, suka ɗauki kofin a kan Notre Dame 34 da 23. Ashe sun iya.

Yaya daga Fulorida:
Ƙannena duk kuna maganar manyan dabaru, ni ƙaramar ce ta ba ni mamaki. Oktoban 2023 Mayami na gaba da Jojiya Tek 20 da 17, saura ƙasa da minti ɗaya, abokan karawa ba su da damar tsayar da agogo, durƙusawa kawai kwatabak zai yi da ƙwallo lokaci ya ƙare a tashi. Suka ce sai sun yi gudu, ƙwallo ta suɓuce, aka zura musu, 23 da 20. Maigidana ya miƙe ya kashe talabijin, tuwon ma bai ci ba.

Bakano mai kallon dare:
Yaya wannan kam ba musu. Amma Bazazzagi har yanzu ina kan bakana, ka kawo min kocin da ya yi canjin nan ba shi da irin Tua a ajiye tukuna.