Tambaya kan sabis ɗin daren gala a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman bayani daga waɗanda suka san aikin babban ɗakin cin abinci na manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, musamman a daren gala da maza ke sa kwat, mata su ci ado. An ce zama biyu ake yi a dare ɗaya, kuma weta ɗaya da mataimakinsa ke riƙe kusan mutum 20. Ta yaya mutum biyu za su kai abinci kashi biyar, su kwashe, su sake shirya tebura kafin rukuni na biyu ya shigo? Ta wane ɓangare ake ajiye faranti? Idan teku ya tashi fa? Aikin mataimakin weta nake so in fahimta, don Allah a yi mini dalla-dalla.

Tsohon_Weta:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Abin da za ka fara riƙewa shi ne agogo ke mulki a ɗakin nan. A yawancin jirage zaman farko yana farawa tsakanin 5:30 da 6:00 na yamma, na biyu tsakanin 8:00 da 8:30. Cin abincin kansa yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ga abin da ya rage na sake shiri kan iya zama minti 30 kawai, kuma duk mintin da ya salwanta a zaman farko daga cikin wannan rabin awar ake cire shi. Akwai kamfanonin da suka saki tsarin, kamar Norwegian Cruise Line da ta bar fasinja ya ci lokacin da ya ga dama tun shekarar 2000, amma tunda zama biyu ka tambaya, a kansa zan tsaya.

Rabin aikin ana gama shi kafin a buɗe ƙofa. Kowane weta yana da kabad ɗinsa na gefe, kuma sai kayan zama biyu sun cika a cikinsa: idan mutum 20 kuke riƙewa, adiko 40 a naɗe da ƙarin kamar 10, zannuwan tebur na canji, cokula da wuƙaƙe gogaggu na zama na biyu a jere a aljihun kabad. Kofunan gilashi ana kara su a tururin ruwan zafi a goge da ƙyalle mai tsabta, a riƙe su ta ƙafa. Wanda ya bar naɗin adiko sai tsakanin zama biyu ya riga ya makara.

Shimfiɗar kuwa, zane ya sauko kamar santimita 30 ta kowane gefe, kowane mutum a ba shi faɗin kamar santimita 60. Cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe a dama bakinsu na kallon faranti, cokalin miya a can waje ta dama. Wanda za a fara amfani da shi shi ne na waje, ana ci ana shigowa ciki. Gindinsu duka a layi ɗaya, kamar faɗin babban yatsa daga bakin tebur. Farantin burodi da wuƙar bota a hagu, kofin ruwa a saman babbar wuƙa. Kayan cin zaƙi a sama, mariƙin cokali ya kalli dama, na mai yatsu ya kalli hagu.

Sai lambar kujeru, wadda sababbi ke rainawa. Kowane tebur yana da kujera ta 1 da kuka yi ittifaƙi a kanta da wetanka, misali wadda ta ba ƙofar kicin baya, sauran a ƙirga su yadda hannun agogo ke juyawa. Da wannan lamba ake rubuta oda. Shi ya sa ba za ka taɓa tsayawa da faranti a hannu kana tambayar wa ya ce kifi ba.

Da mutane sun zauna, naka ne ruwa da burodi da bota, weta kuma ya miƙa takardar abinci ya ɗauki oda tun daga abin taɓa baki har babban abinci a tashi ɗaya. Da ya gama sai ka gyara kayan ci: wanda bai ce miya ba ka ɗauke cokalinsa, mai nama ka sa masa wuƙa mai haƙora, mai kifi wuƙar kifi.

Inda lokaci ke mutuwa shi ne layin kicin, don duk mataimakan ɗakin a lokaci ɗaya suke zuwa neman abu ɗaya. Don haka kada ka tafi saboda tebur ɗaya in za ka iya haɗa biyu. Kada ka shiga kicin hannu rabbana, kada ka fito hannu rabbana. Ka fara ɗaukar mai sanyi, mai zafi ya zama na ƙarshe da zai hau tire. Kuma ka ƙirga farantan ka duba su da takardar oda kafin ka bar wurin. Sauri kan haifi nawa: faranti ɗaya da ka manta zai mayar da kai ƙarshen layi, mutum biyar su zauna abincinsu na hucewa suna jiran na shida.

Mai_Tire:

Baba Tsohon Weta ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya tsallake batun ɓangare, kuma nan ne ake yawan gardama.

Abincin da aka riga aka zuba a faranti daga kicin, wanda shi ne kusan duk abin da za ka riƙa ɗauka, yawancin kamfanoni ta dama suke ajiye shi da hannun dama, ana zagaya tebur yadda agogo ke juyawa. Wasu masu bin salon Amurka ta hagu suke ajiyewa. Kada ka yi musu da kowa a kan wannan, littafin kamfaninku shi ne alƙali. Abin da ba a saɓa a kai ba: abin sha ta dama, burodi ta hagu, kuma duk abin da za ka ɗebo daga babban akushi da cokali da mai yatsu ka zuba wa mutum ta hagu ne, don kofuna suna dama, hannunka zai iya ture su. Kwashewa ta dama, ban da farantin burodi. Hannun da ya fi nisa da baƙo shi za ka miƙa, don kada gwiwar hannunka ta tokare masa fuska. Mata ake fara ba wa, mai gayya a ƙarshe. Nama ko kifi ya zama shi ne a gaban mai ci, wato inda 6 take a agogo.

Ba a kwashe wa mutum ɗaya alhali na kusa da shi yana ci, sai kowa ya ajiye. Farantin farko a yatsun hagu, ka danne cokali mai yatsu da babban yatsa ka riƙa zura wuƙaƙe ta ƙarƙashinsa don kada su zame. Na biyu a kan tsintsiyar hannu, a kansa sauran ke hawa. Ka ɗan juya baya kafin ka karkaɗe saura. Bayan babban abinci a ɗauke gishiri da burodi, a share ɓarɓashi da naɗaɗɗen adiko cikin ƙaramin faranti, sannan a sauko da kayan zaƙi, mai yatsu hagu, cokali dama.

Yanzu teku. Fikafikan da ke ƙarƙashin jirgi suna rage karkata gefe da gefe, amma ba sa hana goshin jirgi ɗagawa da sauka. Idan an sanar da dare mai igiya, ana yayyafa wa zanen tebur ruwa kaɗan, don jiƙaƙƙen zane yana riƙe faranti da kofi. Dogayen tukwanen fure a sauke su. Ruwa a kofi rabi, miya ƙasa da yadda aka saba. A sa wa kabad sakata, a taka wa kowane amalanke burki. Kofi mai zafi kada ka zuba shi a saman cinyar mutum, ka janye kofin gefe ka zuba. Kyandir kuwa na batir ne ko da teku a kwance yake, don gobara ita ce abin da jirgi ya fi tsoro.

Tire babba mai siffar ƙwai ake ɗauka a kafaɗa, farantai da murafensu hawa-hawa. Mai nauyi a tsakiya da ɓangaren kafaɗarka. Ka durƙusa ka ɗaga da ƙafafu, bayanka a miƙe. Wajen saukewa ka riƙa ɗauka ta nan da ta can, don in ka kwashe gefe ɗaya tiren zai kife. A daren igiya ka rage hawa ɗaya ko biyu, ka buɗe ƙafafu, ka sassauta gwiwa, in jirgi ya karkata ka tsaya ya dawo kafin ka ci gaba. Zuwa biyu ya fi tire ɗaya a ƙasa, don tiren da ya faɗi sai an sake dafa abincin mutum goma.

Uwar_Kicin:

Ɗana, ni ta ɓangaren kicin zan ƙara maka, don kyan sabis ba ya ceton jirgin da ya faɗi a binciken tsabta. Jirgin da ke ɗaukar fasinja 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje yana kuma tsayawa a tashoshin Amurka, jami'an CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suna hawansa ba sanarwa sau biyu a shekara. Maki 100 ne, 85 zuwa ƙasa faɗuwa ce, kuma ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Kabad ɗinka na gefe yana cikin abin da suke buɗewa.

Abinci mai sanyi digiri 5 a ma'aunin Celsius ko ƙasa, mai zafi digiri 57 ko sama. Abin da aka fitar daga firiji aka bar shi a kan lokaci, kamar madarar kofi, ana manna masa takardar lokaci, kuma a zubar idan ya cika awa 4. Wanke hannu daƙiƙa 20, musamman tsakanin kwashe datti da ɗaukar abinci, wanda shi ne inda mataimaka suka fi zamewa saboda gaggawa. Burodi da ɗan awartakinsa ake ɗaukarsa, ƙanƙara da ludayinta, kada ka taɓa ɗiba da kofin gilashi, don in ya fashe duk akwatin ƙanƙarar sai an zubar. Goge kabad da bokiti uku ne: na sabulu, na ɗauraya, na kulorin mai ƙarfin 50 zuwa 200 cikin miliyan, kuma da takardar gwaji ake aunawa, ba da hanci ba.

Idan ka ji amai ko gudawa, ka tafi asibitin jirgi nan take. Mai taɓa abinci ba ya komawa aiki sai ya yi awa 48 ba alamar ciwo. Ƙwayar norobairos, mai haddasa amai da gudawa, kaɗan ta isa ta kwantar da mutum, kuma weta ɗaya mai ɓoye ciwo yana taɓa farantin mutum 40 a dare.

Sai masu abincin da jikinsu ba ya ɗauka, kamar gyaɗa, alkama, madara ko jatan lande. Waɗannan tun daren jiya shugaban wetoci ke nuna musu takardar abincin gobe su zaɓa, a dafa musu daban. Farantinsu yana fitowa da alama, a ɗauke shi shi kaɗai, kada ya hau ƙarƙashin wani a tire don miya na ɗiga. In baƙo ya tambaye ka ko akwai gyaɗa, ko giya a cikin miya, ko sinadarin alade a kayan zaƙi, kada ka amsa da ka. Ka ce bari in tambayo, ka kira shugaban wetoci.

Sabon_Shiga:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Mama da Yaya Mai Tire. Saura ɗaya: idan wani tebur ya makara, ko suka gama suka zauna hira har lokacin zama na biyu ya matso?

Tsohon_Weta:

Masu makara, jirage da yawa suna rufe ƙofa bayan ɗan lokaci su tura su wani wurin cin abinci. Waɗanda aka bari suka shigo, weta zai iya ba su shawarar haɗa miya da salak ko su bar ɗaya, don su tarar da sauran a babban abinci.

Masu hira kuwa ba aikinka ba ne ka tashe su, kuma kada ka yi ta ƙarar cokula a kusa da su. Ka sanar da shugaban wetoci, shi zai je cikin ladabi ya tuna musu lokacin wasan dare ko ya gayyace su falo su ƙarasa kofinsu a can. Kai ka ci gaba da teburan da suka tashi, mafi nisa da su tukuna. Kofuna ka fara kwashewa a tire daban don su ne masu fashewa, sai a canja zane, mutum ɗaya ya bi da farantai da wuƙaƙe, ɗayan ya biyo da cokula da kofuna da adiko. In kowa ya riƙe abu ɗaya yana zagayawa, ya fi sauri a kan kowa ya shirya teburinsa. Ka duba kujeru ko akwai ɓarɓashi ko jiƙa, ka cika gishiri, ka ɗauko sabon burodi da bota daga kicin, sannan ka wanke hannu ka duba farar rigarka kafin a buɗe ƙofa.