Abubuwan da muke wucewa kullum: me kyamara ta nuna muku?

Malamin makaranta, Mai Wurno:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa game da halittun da muka raina, sai da muka ɗauki hotonsu muka gane kyansu. Nawa labarin na tumfafiya ne, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira ushar. Tun ina yaro nake ganinta a bakin hanyar da take gangarawa zuwa kogin Nilu a nan garinmu Mai Wurno na ƙasar Sudan, kuma abin da kawai aka koya mana game da ita shi ne mu kiyayi ruwanta kada ya shiga ido. Wata rana bayan sallar asuba na durƙusa da waya ina gwada kusanto da hoto, sai na ga furenta yana da kunnuwa biyar, fari daga ciki, shunayya a baki, a tsakiyarsa kuma akwai wani ɗan gini mai kusurwa biyar kamar aikin maƙerin farin ƙarfe. A bayan ganyen na tarar da tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya tana ci, daga baya na fahimci ita ce take zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo. Shekara arba'in ina wuce wannan tsiro ban taɓa sunkuya masa ba.

Manomi, Gadarif:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ƙaro ne ya ba ni mamaki, alhali da shi na tashi. Bayan damina ta ɗauke, ganyen dakwara ya fara zuba, mukan sassaƙe bawon reshe, sai bayan kwana arba'in ko kusa da haka mu dawo tsinka. A da idona yana kan buhu da farashi ne kawai. Ɗana ne ya roƙe ni in ɗauko masa hoton yadda ƙaron yake a jikin itace, na ɗauka da tsakar rana ya fito kamar busasshiyar laka. Da la'asar sakaliya na sake gwadawa, amma wannan karon na zagaya yadda rana ta koma bayan dunƙulen, sai ga shi yana haske kamar zuma a kwalba, har ana ganin tsage-tsagen cikinsa da wata 'yar tururuwa da ta maƙale. Na daɗe a tsaye ina cewa Subhanallah. Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ya ɗauka, domin ƙurar nan tamu ita take dusashe yawancin hotuna.

Ɗaliba, Sannar:
Baba, abin da kuka faɗa game da hasken la'asar haka yake. Ni shamuwa na bi. Kowa ya san zuwanta albishir ne na damina, kuma kowa yakan ce baƙar tsuntsuwa ce mai farin ciki. A hoto ne na ga fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja kusa da ido, gwiwoyinta da yatsunta ma ja ne. Ina roƙon masu ɗauka kada su hau bishiyar da ta yi sheƙa don neman kusanci, domin na ga yara sun yi haka, uwar ta tashi ta bar ƙwai a rana.

Malamin makaranta, Mai Wurno:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan gargaɗi yana kan hanya, kuma zan isar da shi ga ɗalibaina.

Uwar gida, yanzu a Kasala:
Malam, ni ban taɓa ɗaukar kaina mai ɗaukar hoto ba. A tsakar gidanmu na Madani akwai darbejiya, kuma shekara da shekaru abin da ya haɗa ni da ita shara ce, domin kullum sai na share ganye da 'ya'yan da ta zubar ina mita. Wata bazara da ta yi fure, ƙamshin ya cika gidan da daddare, da safe na ɗauki hoton furannin da suka zuba a kan tabarma, ƙanana farare kamar an watsa shinkafa, da ƙudan zuma guda biyu suna yawo a reshen da ya sauko. Na manta da hoton a cikin waya. A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya iso garin, muka fito daga Madani da abin da hannu zai iya ɗauka. Nan Kasala mutane suna ɗaukar hoton duwatsun Taka, kuma sun cancanta, amma ni na fi tsayawa a kan ƙananan ciyayin da suke fitowa a yashin kogin Gash bayan ruwa ya janye. Hoton darbejiyar kuwa, autana yakan karɓi wayar da daddare ya faɗaɗa shi da yatsu, yana nuna mini gefen randar ruwanmu da ta fito a kusurwa, wadda ni ban ma lura na ɗauka ba.