Ya akai a China ake zanga zanga kan hayaki amma ba'a yi kan zabe?

Dan Wambai:
Salam yan uwa, abin nan ya dade yana daure min kai. China dai kowa ya sani ba'a daga murya, amma naji ance a 2007 mutanen birnin Xiamen sun cika titi saboda wata masana'antar sinadarai har gwamnati ta dauke ta zuwa wani wurin. To ya akai aka kyale su, ko dai gwamnatin kama karya ma tana tsoron gurbatar iska ne?

Baban Khalifa:
Wa alaikas salam. Ba tsoro bane kanina, lissafi ne. Hayaki baya tambayar katin jam'iyya, dan babban jami'i da dan lebura iska daya suke shaka, kuma masu fitowar basu ce a sauke kowa ba, cewa ma sukai tattaki kawai suka fito, to sai a dorawa shugabannin yankin laifi ita kuma Beijing ta fito kamar mai ceto. Amma duba 2015 da yar jarida Chai Jing ta saki bidiyonta kan hayakin, sama da mutum miliyan 100 suka kalla har ministan muhalli ya yaba, cikin kusan sati daya aka goge shi daga intanet dinsu kuma dama bidiyon ya tabo manyan kamfanonin man gwamnati

Yar Zinder:
Ai Vietnam ma hakane. 2016 kamfanin karfe na Formosa ya zuba guba a teku kifi ya mutu a gabar larduna 4, kamfanin ya amsa laifi ya yarda zai biya dala miliyan 500, amma Hoang Duc Binh dake fafutuka tare da masuntan shekara 14 aka yanke masa

Na Gwammaja:
Wai meye na zuwa nesa ne, kun manta Ogoni? Ken Saro-Wiwa kan malalar man Shell yake magana, aka rataye shi da mutum 8 a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba 1995

Abu Sadiq:
A'a mallam fadi gaskiya, tuhumar kisan manyan Ogoni 4 aka musu

Na Gwammaja:
Hakane, amma kotun musamman ce da soja suka kafa kuma babu daukaka kara, shi yasa aka dakatar da Najeriya daga Commonwealth. Man fetur ne yake rike da gwamnatin, wa zai bari a rufe rijiya

Dan Wambai:
Nagode. Yar Zinder don Allah ya batun kurar yuraniyom a Arlit, mutanen can suna iya magana kuwa?