Wace kalma za mu ba "phishing"? Ni dai na tsaya a kan fatsa

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata kalma da masu koyar da tsaron intanet da Hausa suka kasa tsayar mata da suna ɗaya, wato phishing. Wani ya ce kutse, wani ya ce damfara, wani ya bar ta yadda ta zo ya ce "fishin". Ina so mu daidaita a kan guda, kuma ina da wadda zan kare.

Mu fara da abin da ake nufi. Saƙo ne zai shigo maka ta imel, ko tes, ko WhatsApp, ko kiran waya, da sunan wanda ka amince da shi: bankinka, kamfanin layinka, ko wata hukuma mai rabon tallafi. A ce za a rufe asusunka yau in ba ka sabunta BVN ba, ga linki. Ka latsa, shafi ya buɗe, kamarsa ɗaya da na banki har tambari. Ka rubuta lambar kati da lambar sirri. Ko kuma a kira ka a ce an sa ka a wani taron ƙungiya, ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka, alhali lambar mallakar WhatsApp ɗinka ce. A duk wannan babu inda aka fasa wayarka. Kai ka miƙa da hannunka.

Shi ya sa kutse ba ta yi mini ba, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ita ce ta fi yawo. Kutse shiga ce babu izini. Misalinsa bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya bi ta wata ɓaraka a manhajar Windows ya bazu a ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Bai jira kowa ya latsa komai ba. Microsoft ta riga ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su ne abin ya ci. Ka ga maganin kutse yana jikin na'ura: a sabunta manhaja, a toshe ƙofofin da ba a amfani da su, a ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani wuri dabam. Shi kuwa wanda ya karanta wa baƙo lambarsa a waya, in muka koya masa cewa "kutse aka yi min", gobe zai kai wayar gun mai gyara a wanke ta, a sa masa manhajar kashe bairos, jibi kuma a sake kiransa ya sake karanto lambar. Sunan ya nuna masa maganin wata cuta dabam.

Damfara kuwa ta yi faɗi da yawa. 'Yan 419 damfara suke yi, MMM da ta kwashe kuɗin mutane a 2016 damfara ce, mai sayar da fili ɗaya ga mutum uku shi ma haka. Sojan gona ta kama rabin maganar, ɓangaren shigar burtu, amma ta bar abin da aka zo karɓa. Tatsar bayanai kuma mun saba jin ta a labarai idan ana maganar gwamnatoci da kamfanonin da ke leƙen wayoyin mutane a ɓoye, a bar musu kayarsu.

To me ya sa fatsa? Ita kanta kalmar Turancin daga kamun kifi ta fito. Matasan da ke satar asusun kamfanin intanet na AOL a Amurka wajajen 1995 ne suka sauya harafin farko na fishing zuwa ph, bisa al'adar magabatansu masu yi wa layukan tarho wayo. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san ta da Faransanci a matsayin hameçonnage, daga hameçon, wato ƙugiya. Larabawa suka ce tasayyud, daga farauta da kamun kifi. Amma ba don kowa ya bi ruwa ba ne nake cewa mu ma mu bi. Dalilina shi ne Bahaushe ya riga ya bambanta kayan kamun kifi. Taru da koma kewaye kifi suke yi, ko ya so ko ya ƙi. Fatsa ita kaɗai ce ba ta kamu sai kifin ya buɗe baki da kansa, saboda tanar da aka soka a ƙugiya. Duk darasin da muke so ɗan koyo ya riƙe yana cikin kalmar: akwai abin kwaɗayi ko abin tsoro a gaba, akwai ƙarfe a ciki, akwai mai riƙe da zare a nesa.

Sannan kalmar tana juyuwa a baki, wanda shi ne gwajin da yawancin ƙirƙirarrun kalmominmu ke faɗuwa. "An jefo min fatsa da safe." "Kar ki latsa, Hajiya, fatsa ce." "Ya haɗiyi fatsa." Saƙon fatsa, shafin fatsa, 'yan fatsa. A gwada wannan da "yaudarar karɓar bayanan sirri ta intanet" a ga ko akwai mai iya faɗa wa mahaifiyarsa haka a waya kafin ta gama karanto lambar.

Wani malaminmu ya rubuto cewa tarko ta fi, don kowa ya san ta, birni da ƙauye. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, lallai ita ce babbar abokiyar takara, kuma ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Inda na rabu da Malam shi ne tarko ɗana shi ake yi a wuri guda a jira mai wucewa. Wannan ya dace da Wi-Fi na kyauta da aka buɗe don leƙen masu hawa, ko manhajar bogi da aka ajiye a jira mai saukewa. Saƙon da muke magana a kai kuwa har cikin aljihunka ake jefo shi. In muka raba su haka mun samu kalma biyu maimakon ɗaya.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce yaran birni ba su san fatsa ba. Wasu kam ba su sani ba. Amma jimla ɗaya ta isa a bayyana musu, kuma ba su taɓa jin phishing ba su ma kafin a koya musu. Na Yawuri da Argungu da bakin tafkin Chadi ba sa bukatar ko jimlar.

Akwai kuma irin wadda ake haɗawa don mutum ɗaya, bayan an yi nazarinsa, wadda Turawa ke dangantawa da mashi, suna ce mata spear phishing. Ita ce ta ci John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, a watan Maris na 2016: imel ne kamar daga Google, wai wani ya samu kalmar sirrinsa, ya yi maza ya canza. Daga nan dubban wasiƙunsa suka fita duniya. Irinta ce kuma wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi wa Google da Facebook tsakanin 2013 da 2015, yana aika takardun neman biya da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi, har ya karɓi sama da dala miliyan 100 kafin a ɗaure shi shekara biyar a 2019. (Duk mai ganin sai marar ilimi ake kamawa ya sake karanta sunayen kamfanonin nan.) Wannan zan kira ta fatsar saiti, don an saita ta a kan mutum. Ta gama-gari kuma, wadda ake watsa wa dubban lambobi, ta zauna a fatsa kawai. Ta hanyar da ta zo sai a ƙara: fatsar tes, fatsar kira, fatsar imel. Turanci sai da ya ƙirƙiro wa ta tes da ta kira sababbin kalmomi, mu ba mu bukata.

Ga yadda darasin farko zai kasance da kalmar. Alamar fatsa ta farko gaggawa ce: yau, yanzu, cikin awa ɗaya. Lambar OTP (wadda ake turo maka a waya don amfani sau ɗaya) da lambar sirrin kati ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, domin banki ba ya tambayarsu. In saƙo ya ce asusunka na da matsala, ka bar linkin, ka buɗe manhajar bankin da kanka ko ka kira lambar da ke bayan katinka. In za ka duba adireshin shafi, sunan da ke daf da .com ko .ng na ƙarshen adireshin, kafin alamar / ta farko bayan sunan, shi ne mai shafin, duk abin da aka jera kafinsa kowa na iya rubutawa, kuma ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan fatsa ma suna da shi. Ka kunna tantancewa mataki biyu a imel da WhatsApp. Wanda kuma ya riga ya haɗiya, ya fara da toshe kati da asusu, sannan ya canza kalmar sirri, sannan ya sanar da mutanensa kafin a fara roƙonsu kuɗi da sunansa.

Zuwa yanzu abin da ke hannunmu: kutse ga shiga ba izini, tarko ga abin da aka ɗana ana jira, fatsa ga saƙon da aka jefo, fatsar saiti ga wadda aka haɗa don mutum ɗaya. Ta gaba a layi ita ce irin su WannaCry, manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗi. An riga an kawo "manhajar fansa" da "garkuwa da bayanai", masu goyon bayan kowace su kawo hujja.