Neman shawara: ajin Schubert da nake cewa ba shi da wakili sumul

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina kan digirin digirgir a fannin lissafi, na sauya maudu'i sau biyu, mai duba aikina ya yi doguwar tafiya, ga wa'adin tallafina yana ƙarewa. Babina na uku ya dogara ne a kan cewa wani ajin kohomoloji na Schubert (wato rukunin siffofin da lissafi ke ɗauka daidai da wata siffa ta musamman da ake kira siffar Schubert) ba shi da wakili sumul, wato babu siffa marar ƙulli a cikinsa, domin siffar Schubert ɗin kanta tana da ƙulli, wato wurin da take da tsini ko harɗewa. An dawo mini da babin babu komai sai alamar tambaya a gefen shafi. Ina kuskuren yake?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, hujjarka ba ta tsaya ba. Dubi G(2,4), wato mahallin da ya tattara dukkan layukan da ke cikin sarari mai fuska uku: layukan da ke taɓa wani layi guda suna ba da siffa mai ƙulli ɗaya, amma siffar yanka ce kawai ta mahallin, kana karkata ta kaɗan sai ta zama sumul, ajin kuma bai sauya ba. Hanya ɗaya ita ce ka nuna kafewa, wato duk wakilin ajin siffar Schubert ce, kamar yadda masanin lissafi Coskun ya bi a 2011. Ni dai shawarata ka jefar da babin, tunda masana lissafi Kollár da Voisin sun rufe zancen samun wakilai sumul a 2023.

Amsa ta biyu: Malam, da izininka, ba su rufe ba. Sakamakonsu ya shafi siffofin da girmansu bai kai rabin na mahallinsu ba, kuma tarawa da ɗebewar siffofi sumul yake bayarwa, ba wakili guda ba. Tun 1974 Hartshorne, Rees da Thomas suka nuna aji a G(3,6) wanda ko ta wannan hanya ba ya samuwa. Kada ya jefar.

Amsa ta uku: Ni ma takardata ta kwana fiye da shekara a hannun mai tantancewa, a ƙarshe ya rikita kafewar aji da kafewar ninkinsa, ya ƙi ta. Har yau abin yana ci mini rai.

Mai tambaya: Na gode, amma ajina ba irin na G(2,4) ba ne. Ƙullinsa babba ne, na kuma gwada lanƙwasa shi ta hanyoyi da yawa bai warware ba. Ba zan iya sake babi a wata biyu ba.

Amsa ta farko: Gwaji ba hujja ba ne, kuma wakilin da ba ta lanƙwasawa ake kai gare shi ba yana iya wanzuwa. Har yanzu ba ka faɗa mana wane aji ba ne, ko a cikin wace G yake.