Wane suna za mu ba "pickup" na gitar lantarki? Ni matatsi na zaɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar harshe. Yau ma na zo da kalma, kuma wannan karon ɗan yayata ne ya jawo ta.

Yaron ya tara kuɗi ya sayi gitar lantarki ta hannu, tare da 'yar ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai wat 10, irin wadda ake koyo da ita a ɗaka. Sifikarta ba ta kai faɗin faifan rufe ƙwarya ba. In ya taɓa tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau. Da ya ɗan sa ƙarfi sai muryar ta fashe, tana karta kamar ana yaga buhu. Ya kai amfilifayar wurin mai gyaran rediyo, mutumin ya buɗe ya auna, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya kira ni a waya: "Kawu, cutata aka yi?" Na ce masa ba a cuce shi ba, matsalar daga jikin gitar take. Da na zo faɗin sunan abin sai na tsaya, don ba ni da shi a Hausa.

Abin da nake nufi su ne 'yan sandunan nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, biyu ko uku a jikin gita. Masu Turanci na ce musu pickup. A cikin kowanne akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai siririn silin gashi. Na gitar Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, naɗinsa ya kai zagaye kusan 8,000. Tsirkiyar ta ƙarfe ce, tana cikin jan maganaɗisun. Idan ta girgiza sai jan ya riƙa sauyawa, wannan sauyin kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Wanda ya san dainamon keke ya san tushen abin. Shi ya sa in ka ɗaura tsirkiyar nailan ba za ka ji komai daga amfilifaya ba.

Na fara gwada hanya mafi sauƙi, wato aro. Amma "fikof" tuni ya yi mai shi a bakin Bahaushe. Ka ce wa mutum fikof ɗinka ya lalace, a-kori-kura zai hango.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da mikro, wato makirfo, saboda da wannan suna Faransawa ke kiransa. Wannan yana da nauyi a wurina, domin a Agadas gita abin biki ce, ana kaɗa ta a gidajen aure, kuma masu sana'ar sun fi mu haƙƙin magana. Duk da haka ban gamsu ba. Makirfo iska yake ji. Wannan kuwa, in lafiyayye ne, ko ka yi waƙa a kansa ba zai kai muryarka ko'ina ba, motsin ƙarfe kaɗai ya sani. Mai koyo da aka ce wa makirfo ne zai ɗauka sautin katakon yake saurara.

Wani abokina ya kawo "kunnen gita". Tana da daɗin faɗa, sai dai ga abubuwan nan shida da ake murɗawa a kan gita don saita tsirkiya, su kowa zai fara kira kunnuwa. Wani kuma ya ce "maɗaukin sauti". Mun riga mun ba "ɗaukar sauti" aikin naɗe murya a situdiyo, ba na son su ci karo.

To ni ga tawa: matatsi. Daga tatsa, bisa ginin mabuɗi da magogi da masassabi. Jam'i matatsai.

Dalilina na farko, gaskiya take faɗa. Ƙarfin da ke zama wuta daga motsin tsirkiyar ake zaro shi, ba daga wani wuri ba. Yatsanka ya motsa tsirkiya, matatsi ya tatsi motsin ya mayar da shi lantarki.

Amma abin da ya sa na kafe a kanta shi ne tana zuwa da 'ya'yanta, kuma 'ya'yan su suka warware wa yaron matsalarsa. Da ka ce tatsa, Bahaushe zai tambayi yawa, zai kuma tambayi ƙwaryar da ake tarawa. Wani matatsin yana da yawan tatsa, wani kaɗan yake bayarwa. Matakin farko na cikin amfilifaya shi ne ƙwaryar. Yana da iyakar abin da zai iya ɗauka ya haɓaka ba tare da ya gurɓata ba. In abin da ke shigowa ya zarce, sai ƙololuwar sautin ta yanke, shi ne kartar da ake ji. Wannan na kira tumbatsa. Na ce wa yaron, "Matatsinka ya fi ƙarfin ƙwaryarka, shi ya sa take tumbatsa." Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Ashe ragewa zan yi ke nan."

Gitarsa mai tagwayen naɗi ce. Akwai matatsi mai naɗi ɗaya, wanda zan so mu kira gwauro, muryarsa siririya mai kaifi, sai dai yana kwaso ƙugin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Don kashe wannan ƙugi Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, suka fara fitowa a gitar Les Paul a 1957. Ƙugin ya soke kansa, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. Don haka tagwaye sun fi gwauro tatsa. Daga baya ma aka riƙa ƙera wasu da gangan don su sa amfilifaya ta tumbatsa, kamar Super Distortion na kamfanin DiMarzio a 1972, saboda makaɗan rok wannan kartar suke nema. Akwai kuma masu batir mai bolt 9 a ciki, irin na kamfanin EMG. Tumbatsa ba aibi ba ce in kai ka neme ta. Amma yaro mai koyon riƙe tsirkiya yana bukatar jin kowace ɗaya daban, in ba haka ba kuskurensa zai ɓuya a cikin hayaniyar.

Ranar Asabar na je gidan. Muka fara da maɓallin murya na jikin gitar, daga 10 muka dawo da shi 7. Nan take rabin kartar ta tafi, ko da yake kaifin sautin ya ɗan dushe, wanda haka maɓallin yake yi in an rage shi. A amfilifayar akwai maɓallai biyu da yake ɗauka aiki ɗaya suke: na shiga, mai rubutun gain, da na fita. Ya ƙure na shiga ya danne na fita don kada ya dami mutan gida, wato ya cika ƙwaryar ta tumbatsa sannan ya rage amon. Muka juya: na shiga ƙasa, na fita sama.

Sai sukundireba. Matatsin da ke kusa da wuyan gitar ya taso har ya kusa shafar tsirkiya. Na danne tsirkiyar a gaɓa ta ƙarshe ta wuyan gitar, na riƙa juya kusoshin gefe biyu rabi-rabi har ya sauka, tazara ta kai kamar milimita 2 da ɗoriya. Kusanci na ƙara tatsa, in ya yi yawa kuma maganaɗisu na iya riƙe tsirkiya ya hana ta sakewa. Na wuya yakan so ya fi na gindi sauka, domin a wajensa tsirkiya ta fi lilo. Wasu amfilifayoyin na da ramin jona biyu, ɗaya yana rage abin da ke shiga da rabi, amma tasa rami ɗaya gare ta.

Na san za a ce matatsi ya yi kama da matsatsi, kuma tatsa tana da wata ma'ana ta cin kuɗin mutane. Na yarda. Sai dai a jimla ba sa rikicewa, kuma ba wanda ya daina cewa tatsar nono saboda haka.

Saura maɓallin shiga. Yaron yana ce masa famfo, don shi ke buɗe wa tatsar hanya zuwa ƙwarya. Ni na fi karkata ga mashigi. Masu kaɗa gita a Jos da Kaduna da Agadas da Yamai, ku gaya mini me kuke ce masa in kuna saita kaya kafin wasa.